Bindigar da Kolo Ya Kashe

"Rufe ƙofar nan, Buwai!"

Buwai ya tura ƙyauren da ƙafa, maƙerar ta yi duhu duk da rana tana tsaka. Shago ya sauke buhun da ke kafaɗarsa a gaban Kolo, ya kwance bakin, ya zazzage. Dogayen ƙarafa uku suka zube a ƙasa, kowanne a naɗe cikin tsumma da tsohuwar leda.

Kolo bai taɓa su ba. Ya daɗe yana gyaran bindigogin mafarauta da 'yan sintiri a ƙauyen nan na gefen Tsanyawa, ko a cikin barci ya san harba-ka-ruga. Waɗannan kuwa ba irinsu ba ne. Bindigogin soja ne na da, masu ƙotar katako, irin waɗanda kakansa yake ba da labarin ya gani a Barno kafin ya yo ƙaura ƙasar Kano. Tsatsa ta cinye su, gara ta ɗanɗani ƙotar ɗaya, ɗaya baƙa ƙirin, ɗaya kuma ta tsage.

"A ina kuka samo su?"

"A rijiya muka tsinta," in ji Shago. "Kai dai za su tashi ko ba za su tashi ba?"

"Ni na mafarauta nake gyarawa."

"Ai mu ma farauta muke zuwa, malam."

Buwai ya tuntsire da dariya. Shago bai yi ba. Gajere ne, ɗan wajen Ungogo, mutumin da ba ya zama ya juya wa ƙofa baya, ba ya kuma cin abincin da bai ga wani ya fara sa hannu ba. Ya ɗan karkata kai wajen kusurwar maƙerar, inda mutum na uku yake tsaye ya ja hula har gira.

"Kai, gai da yayanka mana."

Nabil ya ɗago. Ƙanin Kolo ne, uwa ɗaya uba ɗaya, autan Ya Falta. Tun bara ya ce ya sami aikin acaɓa a Ungogo, yana zuwa gida da sabon takalmi da waya mai tsada, Kolo yana kallo yana haɗiye tambaya. Yau amsar ta zo da ƙafarta har maƙera.

"Yaya, babur kawai nake tuƙa musu, wallahi. Ban taɓa riƙe ƙarfe ba."

"Wannan karon zai riƙe," Shago ya ce. "Ba na yarda da wanda hannunsa yake fes alhali nawa ya ɓaci. Irinsu ne suke kai mutum ofishin 'yan sanda. Ka gyara, ko in kai wa wani ya gyara, duk ɗaya ne a wajena, da yaron nan za a yi aikin. Sai dai in ka ƙi, ka riga ka ga fuskata."

Bayan sun tafi, Kolo ya daɗe a zaune kan turmi. Ba gidan yari yake tsoro ba. Ɓarawo yakan shiga ya fito, ya yi aure, ya tsufa. Wanda ya kashe rai ne ba ya dawowa, ko hukuma ta bar shi, Allah ba zai bari ba. Abin da Kolo yake so ɗaya ne tak: kada hannun Nabil ya taɓa jini.

Washegari ya fara aiki. Ya kwance su gaba ɗaya, ya jiƙa ƙarafan a kananzir, ya bi su da magagari da tsumma har tsatsar ta saki. To a nan ne halin Kolo ya shigo, halin da ko barazanar Shago ba ta iya da shi ba. Mutum ne da ba ya iya sakin aiki mummuna. Ko fartanya aka kawo masa ɗori sai ya goge ta kamar ta amarya. Shago cewa ya yi su tashi, bai ce su yi kyau ba, amma Kolo ya nemo busasshen maɗaci ya sassaƙa wa mai garar sabuwar ƙota, ya kankare baƙar, ya cike tsagar ta ukun da ɗan guntun itace ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ya dinga shafa musu man kaɗanya yana shanyawa har launinsu ya zo ɗaya. Da ya jera su a kan tabarma sai ka rantse 'yan uku ne. Ya tsaya yana kallonsu, kuma, Allah ya yafe masa, ya ji daɗi.

Kullum Buwai yana nan a bakin ƙofa wai ya zo hira. Idan Kolo ya fita kama ruwa, ya bi shi da ido. Idan Ya Falta ta aiko da fura, sai ya ɗaga faifan ya leƙa ƙwaryar.

"Me kake nema a cikin fura?"

"Oga ne ya ce in dinga dubawa. Shi fa ko inuwarsa bai yarda da ita ba."

Gwaji ne ya zama matsala. A ƙasar nan babu daji, gona na jikin gona, gida na hango gida, ka yi atishawa a nan a ce maka Allah ya yi rahama daga can. Kolo ne ya kawo shawara. Shinkafa ta nuna a fadamar Watari, tsuntsayen jan-baki sun sauko, tun safe manoma suke kaɗa gwangwani suna harba bindigar toka don korarsu. Ƙara uku a cikin wannan hayaniyar ba wanda zai waiwaya.

Can ƙarshen fadama suka je. Kolo ya ɗaure ta farko a jikin bishiya, ya zura igiya a kunamarta, ya ja da baya, yadda kowane mai gyara yake yi wa tsohuwar bindiga don kada ta fashe a fuskar mutum.

"A'a," in ji Shago. "Kwance ta. A kafaɗarka za ka harba."

"Ba a yin haka."

"Yau za a yi. In ka yarda da aikinka, sa fuskarka."

Kolo ya yi bisimilla ya ɗora ta a kafaɗa. Tau! Tsuntsaye suka tashi kamar hayaƙi. Ta biyu, tau! Ta uku ma haka. Shago ya karɓi kowacce yana shinshina bakinta, yana leƙen idon Kolo, kamar ya fi son a ce ɗaya ta ƙi.

"A bar min su in wanke," Kolo ya ce. "Tsohon harsashi yana barin datti."

A wajen wankin ne ya yi abin da ya ƙudura. Buwai ya tsallaka sayen sigari, Kolo ya buɗe mai ɗorin nan a ƙasan ƙota, ya zare mata ɗan ƙarfen da in babu shi ba ta magana, ya jefa a cikin garwashi, ya mayar da komai yadda yake. Daga waje lafiyarta ƙalau. Ka ɗana ta za ta ɗanu, ka ja kunama za ta yi ƙyas, shi ke nan.

Ya sami Nabil a bayan gida yana wanke babur.

"Saurara da kyau. Taka na kashe ta. Ko ka ja kunama sau ɗari ba za ta tashi ba."

Nabil ya saki soson. "Yaya, zai kashe ni!"

"Ba zai kashe ka ba. In ya ce ka harba, kada ka yi gardama, ka saita ka ja a gabansa. Za ta yi shiru, laifin ya dawo kan mai gyara. Ni na san yadda zan yi da shi."

"Ta yaya zan gane tawa? Ai duk kamarsu ɗaya."

"A cikin damin harawa za a ɓoye su. Naka zan ɗaure shi da jan ƙyalle. Kada ka ɗauki wani."

Ranar kasuwa Shago ya zo da sabon zance. "Da kai za mu tafi, malam. Ka tsare mana babura. In ƙarfe ya ba ni kunya, ina son mai shi a kusa."

Bayan azahar suka fita a babura biyu, damin harawa uku a baya kamar masu kai wa dabbobi abinci. Suka saki kwalta suka bi burji, har inda hanya ta yi gwiwa a tsakanin gonakin dawa da suka fi mutum tsawo. Suka tura baburan ciki, suka sauke damin. Shago ya tsaya yana kallonsu, hannu a aljihu.

"Me ya sa wancan yake da jan ƙyalle?"

"Igiya ce ta ƙare," in ji Kolo.

"Uhm." Shago ya taune ɗan tsinken da ke bakinsa. "La'asar ta yi. Ku biyun nan masu salla ne, ku je can bakin kududdufi ku yi alwala, ku roƙa mana sa'a."

Kolo da Nabil suka tafi. Kolo yana salla amma zuciyarsa tana wajen damin. Da suka dawo komai yana inda yake, jan ƙyallen a ɗaure yadda ya bar shi. Nabil ya kwance, ya zaro bindiga, ya saci kallon yayansa. Kolo ya ɗan gyaɗa kai.

Abin da bai sani ba shi ne lissafin Shago. A wajen Shago, ɗan'uwa ba ya ba ɗan'uwansa abin banza. Idan har Kolo ya yi wa dami alama, to mafi kyawun cikin ukun ce a ciki, kuma mafi kyau ta oga ce. Suna ba da baya ya musanya, ya mayar da ƙullin tsaf.

A daidai lokacin, wata tsohuwar bas ta baro tashar Tsanyawa cike da 'yan kasuwar hatsi, buhuna a sama, akuya a ƙarƙashin kujera. Direban, Zachariah, ɗan wani gida ne na Kirista da ke ƙauyen gaba, kowa a hanyar nan ya san shi da barkwanci. Shi yake ɗaukar Ya Falta idan ciwon ƙafarta ya motsa, har ƙofar gida yake shiga da motar.

"Inna, akuyar nan ta biya kuɗin mota kuwa?" ya tambayi wata tsohuwa a cikin fasinjojin.

"Ai matarka ce, Zakariya, kyauta za ta hau!"

Motar ta ɗauki dariya. Da dariyar suka sha kwanar.

Kututture a tsakiyar hanya! Zachariah ya take birki, buhuna suka zamo.

"Kowa ya sauko! Ƙasa! Ƙasa na ce!"

Mutum uku, fuska a naɗe da rawani. Mata suka ɗauki salati. Buwai ya fizge ƙofa, yana jan mutane yana watsarwa, jaka a wuyansa.

"Waya! Lalita! Kai tsoho, kwance ɗamarar nan!"

"Don Allah, ɗana—"

"Rufe min baki!"

Kolo yana kwance cikin dawa kusa da babura, yana leƙe ta tsakanin karare. Ya ga an fito da Zachariah, an durƙusar da shi a gaban mota, Nabil a tsaye a kansa.

"Kwanta! Kada ka ɗago!" in ji Nabil.

Zachariah ya san muryar, ya ɗago. Da ma bai ɗago ba.

"Nabil? Kai ne? Autan Ya Falta?"

Shago ya tako a hankali, ya tsaya dab da inda Kolo yake kwance.

"Ya gane ka, ƙwaro. Gama da shi."

"Oga—"

"Gama da shi ko in gama da ku duka!"

Shago ya ɗaga tasa sama, ya dafe ta a kugu. Ƙasan ƙotar ya juyo saitin idon Kolo. Ga ɗan guntun itacen nan, ɗorin da ya yi da hannunsa. Matacciyar tana hannun Shago!

Ya waiwaya. Nabil ya riga ya ɗora tasa a kafaɗa. Babu ko ɗar a tare da shi yanzu, har ya gyara tsayuwa, yana yin daidai abin da yayansa ya ce ya yi.

Kolo ya zabura, karare suna karyewa.

"Nabil! Kada ka—"

Tau!

Zachariah ya kife a kan burji. Bai ko shura ba.

Nabil ya tsaya da bindiga a hannu. Ya kalli hayaƙin da ke fita daga bakinta, ya kalli mutumin da ke ƙasa, sannan ya juyo ya kalli Kolo. Kolo bai taɓa ganin irin wannan kallon ba, kuma har ya mutu ba zai daina ganinsa ba.

A mararrabar da ke gaba, motar 'yan sanda tana fake a gindin darbejiya, ana cin gyaɗa. Wani kofur ya ce masu korar tsuntsu ne. Sifetonsu kuwa, tsohon hannu ne, ya zubar da gyaɗarsa.

"Wannan ba bindigar toka ba ce. Ta da mota!"

Ba su kaɗai suka ji ba. Daga gonar dama, daga ta hagu, daga gidajen da ke bayan kuka, mutane suka fara ɓullowa da lauje da fartanya da gora. Ihu ya tashi daga gona zuwa gona.

"Ɓarayi! Ɓarayi! A tare ta gabas!"

Shago ya saita na gaba, wani dattijo mai gatari. Ya ja kunama.

Ƙyas.

Ya ɗana ya sake ja. Ƙyas!

Ya juyo wajen Kolo, idonsa jawur. "Shege! Ashe haka ne! Na san za a rina!" Ya yi tsalle ya fizge ta hannun Buwai, ya cilla masa matacciyar. "Riƙe wannan! Ta da babur, ina zuwa!"

Buwai ya rataya ta, ya faɗa cikin dawa, ya ta da babur. Bai jira kowa ba. Ƙarar injin ta yi nisa da jaka da komai.

"Buwai! Buwai! Ɗan iska!"

Jiniya ta karyo kwana. Shago ya rasa wanda zai fara harbi, Kolo ko 'yan sanda, kuma wannan ɗan jinkirin ne ya ci shi. Ta-ta-tau! 'Yan sanda suka buɗe wuta. Ya yi baya ya faɗa kan kututturen da shi da kansa ya gicciya.

Kolo bai gudu ba. Ya rarrafa ya rungume Nabil, ya kife a kansa, gora da duwatsu suna sauka a bayansa har 'yan sanda suka ratsa taron suka janye su.

An binne Zachariah a bayan cocin ƙauyensu, Musulmi da Kirista suka cika wurin, matarsa Goodness tana riƙe da goyo ana riƙe da ita. Gawar Shago ba wanda ya zo nema. Buwai kuwa kamar ƙasa ta haɗiye shi, wasu su ce ya tsallaka Nijar, wasu su ce an gan shi a Legas. Mutanen gari suka rushe maƙerar, mafarautan da Kolo ya yi wa aiki shekara da shekaru suka daina ambaton sunansa. Ya Falta ta daina fita ko zaure.

A ofishin 'yan sanda Kolo bai ɓoye komai ba. Kafin a tambaye shi ya fara, yana yi yana haɗawa da rantsuwa.

"Ranka ya daɗe, ni na gyara su, ni ne mai laifi. Yaron nan bai yi niyyar kisa ba. Ni na ce masa tasa ba ta tashi, na cire mata abu da hannuna. Musanya aka yi masa. Ku buɗe ta ku gani!"

"Wacce za mu buɗe?"

"Mai ɗori a ƙasan ƙota."

Sifeton ya sa aka kawo bindigogin da aka tsinta a wurin, aka shimfiɗa a kan tebur. Biyu ne. Kolo ya miƙa hannuwansa masu ankwa ya juya ta farko. Babu ɗori. Ya juya ta biyu, yana shafa ƙasan ƙotar da yatsa, ya sake shafawa.

"Ta ukun tana wajen wanda ya gudu," in ji Kolo.

"To ka gani." Sifeton ya jingina da kujera. "Mota guda ta ga ƙaninka ya saita ya harba, ba wanda ya ga hannunsa ya yi rawa. Ogansu ya mutu, ɗayan ya ɓace. Saura maganarka, kai kuma yayansa ne." Ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa a hasken taga. "Waɗannan mun gwada su, duka biyun lafiyarsu ƙalau. Tsakani da Allah, malam, ka iya aiki."

Aka mayar da shi ɗakin tsaro. Nabil yana zaune a kusurwa, ya haɗa kai da gwiwa, tun ranar bai ce uffan ba. Kolo ya zauna kusa da shi. Can Nabil ya ɗago, ba fushi a muryarsa, ba kuka, kamar yaro yana tambayar hanya.

"Yaya, da ba ka ce min ba ta tashi ba, wallahi sama zan harba."